Neman haihuwa ya kai ni asibiti, sai ga kitse a hanta

Ranar da aka fara ce mini akwai kitse a hantata, ba maganar hanta ce ta kai ni asibiti ba. Hoton mara aka tura ni in yi, irin wanda na yi ya fi a ƙirga tun da na yi aure. A ƙarshen shekarar 2023 ne, hunturu ya fara shigowa Kano. Na shanye ruwan leda uku, na zauna a benci ina jiran mara ta cika kamar yadda suke so. Da layi ya zo kaina na hau gado, matar da ke ɗaukar hoton ta shafa mini man nan mai sanyi, ta duba mahaifa, ta duba gidan ƙwai na dama da na hagu, ta faɗi abin da kunnena ya saba ji: ƙananan ƙullutai sun jeru a gefe kamar carbi. Har na fara jan zanina sai ta ce, "Hajiya ɗan dakata, takardar taki har da ciki aka rubuta." Ta matsar da abin zuwa ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, ta ce in ja numfashi in riƙe. Ta daɗe a wurin. Can sai ta juyo mini da fuskar na'urar, ta nuna da bakin biro. "Wannan mai duhu-duhun ƙodarki ce. Wannan ta samanta mai haske fes ita ce hanta. Kamata ya yi launinsu ya zo kusan ɗaya. Kitse ne ke sa ta wannan hasken."

Na ce, "Kitse a hanta kuma?" Ta ce in kai wa likitata sakamakon, ita za ta yi mini bayani.

A cikin adaidaita sahu zuwa gida ba wanda nake gani sai kawuna, ƙanin Ummanmu. Ciwon hanta ne ajalinsa. Ina da shekara 14 na ga cikinsa ya kumbura kamar tulu, ƙafafu sun aune, idanu sun koma ruwan ɗorawa. A gidanmu in aka ce hanta, wannan hoton ne ke zuwa wa kowa. Daren nan ban runtsa ba, kuma ban gaya wa maigidana ba sai da gari ya waye.

Tun ina budurwa al'adata ba ta da lokaci. Sai ta yi wata uku ko huɗu ba ta zo ba, in ta zo kuma ta ƙi ɗaukewa, har sai na je na tambayi malamarmu ta Islamiyya yadda zan yi da salla. Aka ce in na yi aure zai daidaita. Na yi aure ina da shekara 24, bai daidaita ba. Abin da ya biyo baya shi ne ƙiba, mafi yawanta a tumbi, dangi suna ta murna suna cewa aure ya karɓe ni. Gashi ya fara fito mini a haɓa, kullum da hantsaki a jakata. Wuyana ya yi baƙi ta baya, fatar ta yi kauri, na dirje shi da soso, na shafa lemon tsami, na yi dilka, bai ko gezau ba. Na sha jin mata suna raɗa a gidan biki cewa wance ba ta cuɗa wuyanta. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don na san irin wankan da nake yi.

Ga kuma shiru, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Duk wadda ta shekara biyu a ɗakin miji ba ciki ta san abin da ke biyowa baya. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce a nemi tsari ko da shafar aljanu, wata ta aiko da jarka cike da jiƙo. Na sha sassaƙe, na sha garin magani a kunu, na sha maganin sanyi kala-kala, har ƙwayar sa ƙwai ya fashe na saya a kemis ba da takardar likita ba, don wata ƙawata ta ce ita ta yi mata aiki. A shekara ta huɗu da aurena wani likita a wani asibitin kuɗi ya ce ina da PCOS. Ya ce matsalar gidan ƙwai ce, ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce in rage ƙiba, shi ke nan. Bai auna sugana ba, bai tambayi ko akwai mai ciwon suga a gidanmu ba, alhali Abbanmu ya fi shekara goma yana fama da shi. Asibitoci uku na zaga bayan nan, kowa mahaifa yake kallo. Ni ma ita nake kallo, don duk damuwata a kanta take. Shekara takwas muka yi, ni da likitoci da dangi, mun ƙura wa wuri ɗaya ido, sauran jikin kamar ba nawa ba.

Likitar mata da na koma gani a asibitin koyarwa ita ce ta ƙara kalmar ciki a takardar hoton, kuma da gangan ta yi. Da na miƙa mata sakamakon ba ta yi mamaki ba. Ta ce mai PCOS ta fi sauran mata haɗarin samun kitse a hanta da wajen ninki biyu, kuma ba sai mai jiki ba, har siririya tana samu. Ta ce da ta ga wuyana da ƙuguna tun ranar farko ta yi zargin haka. Ta ɗauko tef irin na tela ta zagaya mini ciki, santimita 102. Ta ce ga mace, daga 80 ake fara damuwa. Sannan ta rubuta mini takarda zuwa ɓangaren likitocin ciki da hanta.

Maigidana, da na gaya masa, shiru ya yi, can ya ce, "Ni dai na san masu shan giya ake cewa hantarsu ta yi kitse." Ba zargina yake yi ba, ruɗewa ya yi. Tambayar farko da likitan hanta ya yi mini ke nan shi ma, ko ina shan giya, sai dai ya fara da ba ni haƙuri, ya ce kowa yake yi wa ita, liman ko ladan. Ya ce tsohon sunan cutar ma a kan giya aka gina shi, wato kitsen hantar da ba giya ce ta kawo shi ba, NAFLD a taƙaice. A watan Yunin shekarar da muke ciki a lokacin, 2023, ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya shi zuwa MASLD, sunan da ke nuna ainihin tushen abin, wato tangarɗar yadda jiki ke sarrafa sukari da mai. Ya ce kusan mutum uku cikin kowane goma na manyan duniya suna ɗauke da shi, akasarinsu ba su sani ba, domin hanta ba ta yin ƙorafi. Tana iya shekaru tana cutuwa mutum yana harkokinsa lafiya lau.

Daga nan ya shiga tambayar abin da na taɓa sha. Na so in ɓoye, amma na faɗa masa duka: jiƙo, sassaƙe, shayin rage tumbi da na saya a Instagram, har da ƙwayoyin ƙiba da aka haɗa mini lokacin gyaran jiki kafin biki, waɗanda ake kira sha ka fashe. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce wasu masu haɗa irin waɗannan suna cusa dexamethasone a ciki, shi kuwa yana tayar da suga, yana tara kitse a ciki da hanta. Ya ce duk abin da na haɗiye ta hanta yake bi, don haka in dakatar da duk wani haɗin da ban san me ke cikinsa ba. Ya ƙara da cewa in guji gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna, akwai dafi a cikinsu da ke cutar da hanta.

Gwaje-gwajen da ya rubuta sun cika takarda. Na farko shi ne na ciwon hanta nau'in B da C. Ya ce a ƙasar nan ba a ɗora wa kitse laifi sai an tabbatar ba waɗannan, domin binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B. Da na ba shi labarin kawuna sai ya ce yawancin irin wannan mutuwar a wajenmu nau'in B ne sila. Mako guda na yi ina jiran sakamakon, ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Ya fito ba ni da ko ɗaya, maigidana ma haka. Sai aka fara mana allurar rigakafi, guda uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Sai a 2004 aka saka ta cikin rigakafin jarirai a Najeriya, mu da aka haifa kafin nan ba mu samu ba.

Gwajin da ba zan manta ba shi ne na suga. Akwai wanda ake ɗibar jini sau ɗaya ya nuna yadda suga ya kasance a wata uku, amma likitan ya tambayi rukunin jinina, da na ce AS ce ni sai ya ce wancan yakan yi kuskure ga masu irin jinina, kuma dama ga mai PCOS na shan ruwan sukari ya fi nuna gaskiya. Na kwana ban ci komai ba, ƙarfe bakwai da rabi ina ɗakin gwaji. Aka ɗebi jini, aka miƙo mini kofi, an narka giram 75 na sukari a ciki, aka ce in shanye cikin minti biyar. Zaƙinsa har maƙogwaro yake ƙonawa. Aka ce in zauna awa biyu, ba ci, ba yawo, in na yi amai kuma sai a sake wata rana. Bencin da aka nuna mini cike yake da masu juna biyu, don su aka fi yi wa wannan gwajin. Ta kusa da ni, yarinya ce da ba ta wuce shekara ashirin ba, ta dube ni da fara'a ta ce, "Anti, naki wata nawa?" Na ce mata nawa gwajin daban ne. Ta ce Allah ya ba da lafiya, na ce amin. Awa biyun nan ina kallon agogon bango, ina danne tashin zuciya, ina danne hawaye.

Sakamakon ya nuna 5.8 kafin in sha, 9.2 bayan awa biyu. Likitan ya ce lafiyayye ba ya kai 7.8, mai ciwon suga kuma daga 11.1 yake farawa. Ina tsakiya ke nan, a bakin ƙofa. Awon hanta da ake kira ALT ya nuna 68, ya haura ƙa'ida. Man da ke yawo a jinina shi ma ya hau.

A ranar ne ya yi mini bayanin da ya haɗa mini shekaru takwas wuri guda. Ya ce in mutum ya ci abinci, jiki yana sakin sinadarin insulin, aikinsa kamar mai sallama ne a ƙofar gida, yana neman tsoka ta buɗe ta karɓi sukari. A jikin yawancin masu PCOS tsoka ba ta amsawa da wuri, sai jiki ya ɗaga murya, ya ƙaro insulin ninki-ninki. To amma gidan ƙwai yana ji sarai, kuma wannan ihun yana sa shi ya yawaita sinadarin maza, wanda kowace mace tana da shi kaɗan. Shi ne gashin haɓa, shi ne ƙuraje, shi ne ke hana ƙwai nuna ya fita, sai ƙananan su tsaya a jere kamar carbin da nake gani a hoto. Baƙin wuyan ma yawan insulin ne ke sa fata ta yi kauri. Ita kuma hanta, kamar rumbu take, duk rarar sukarin da ta iso mata sai ta mayar da shi kitse ta ajiye. In kitsen ya wuce kashi 5 cikin 100 nata, an shiga matsala. Sannan akwai wani furotin da hanta ke yi, aikinsa ya yi wa sinadarin mazan dabaibayi a cikin jini. Hanta mai kitse ba ta yin sa da yawa, sai sinadarin ya yi ta yawo sakaka, ya ƙara dagula gidan ƙwai. Kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa wuta.

Na kai hannu na shafa wuyana. Shekara da shekaru ina dirzar abin da daga ciki yake fitowa.

Daga baya na zauna na yi karatu a kan abin. Tun 1935 wasu likitoci biyu a Shikago ta Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayyana cutar da yanzu aka sani da PCOS. A 2003 aka yi taro a Rotadam ta ƙasar Holan aka amince da alamomi uku, in mace tana da biyu daga ciki an tabbatar: rikicewar al'ada, yawan sinadarin maza, da wancan hoton gidan ƙwai. Wajen mace ɗaya cikin goma ke da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 nasu ba a gano ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ka'idojin kula da cutar sun daɗe da cewa a auna sugan duk wadda aka gano tana da ita. Ba sabon ilimi ba ne. Gwajin da bai fi ƙarfin aljihunmu ba, da an yi mini shi shekara huɗu kafin nan, da na fara gyara tun kafin hanta ta yi haske a hoto.

Saura tambaya mafi girma, wato ko kitsen ya fara yi wa hantar illa. Likitan ya ce kitse kaɗai bai cika kashe mutum ba. Abin tsoro shi ne ya jawo kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon ya yi ta taruwa har hanta ta ƙandare, matakin da kawuna ya kai. Tabon hawa-hawa ne, daga sifili zuwa huɗu. Akwai lissafi mai suna FIB-4 da ake yi da shekarun mutum da awo uku na jini. Da yake lissafi nake koyarwa a sakandare, na roƙe shi ya rubuta mini yadda ake yi, na buga da kaina a waya: shekaruna 32 sau AST ɗina (shi ma awon hanta ne) 41, a raba da adadin ƙwayoyin daskarar da jini 260 da aka ninka da tushen ALT. Ya ba ni 0.61. Ƙasa da 1.3 alama ce mai kyau. Har na fara hamdala sai ya ce ga wanda bai kai shekara 35 ba wannan lissafin ba a sakankancewa da shi, gara a yi FibroScan, gwajin na'urar da ke auna taurin hanta.

Ba ko'ina ake samun na'urar ba, kuma kuɗinta ya taɓa mu, sai da muka jira albashi. Aka ce kar in ci komai awa uku kafin in zo. Na kwanta rigingine, na ɗaga hannun dama na sa a ƙarƙashin kai, mai aikin ya ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari biyu. Sai in ji ɗan bugu, kamar an ɗalle ni da yatsa. Ba zafi. Girgizar ce ke ratsa hanta, in hantar ta yi tauri sai ta wuce da sauri, na'urar ta auna. Sau goma ya yi, duka bai kai minti goma ba. Taurin ya nuna 6.1. Ya ce ƙasa da 8 na nufin da wuya a ce akwai tabo mai yawa. Kitsen dai yana nan da yawa, amma hantar ba ta ƙandare ba. A mota na kifa kai a cinya na yi kukan da na kwana arba'in ina riƙewa, maigidana yana ta cewa, "Alhamdulillahi, ya isa haka, ya isa."

Na koma wurin likita ina jiran ya rubuta maganin wanke hanta. Ya ce babu. Ya ce abin da aka tabbatar yana aiki shi ne rage nauyi: kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi har ya taɓa tabo. Nauyina kilo 88, don haka kilo shida zuwa tara ake nema, a hankali, kar ya wuce kilo ɗaya a mako, don ramewar gaggawa ita ma tana wahalar da hanta. Ya kuma gaya mini abin da ban zata ba, cewa masu kitsen hanta ciwon zuciya ya fi kashe su a kan ita kanta hantar, shi ya sa zai riƙa bin hawan jinina da man jinina. Likitar mata ta ɗora ni a kan metformin saboda sugan, ta ce ba maganin hanta ba ne. Makon farko ya sa ni gudawa da tashin zuciya, sai da na koma shansa a tsakiyar abinci ya lafa. Ta kuma ce kar in ƙara barin al'ada ta wuce kwana 90 ba ta zo ba ban zo an ba ni maganin da zai saukar da ita ba, don bangon mahaifa in ya daɗe yana kauri yana da nasa haɗarin. Wannan ma ba wanda ya taɓa gaya mini.

A rage nauyi, faɗarsa da sauƙi. Ni da na sha jin wannan kalmar daga bakin likitoci, ban taɓa samun wanda ya zauna ya tambaye ni me nake ci ba sai wata jami'ar abinci a asibitin. Ta ce in rubuta duk abin da ya shiga bakina kwana uku. Da na kawo ta bi da jan biro. Shayin safe da madarar gwangwani da sukari cokali huɗu, da burodi. Lemon kwalba a ɗakin malamai lokacin tara. Shinkafa da miya da rana, zoɓo mai sanyi a kai. Tuwon shinkafa da dare, wani lokacin fura da sukari kafin barci. Ta ce ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana da sukari cokalin shayi takwas zuwa tara, kuma rabin irin wannan sukarin kai tsaye hanta yake nufa, ita ke sarrafa shi. Ban taɓa ɗaukar kaina mai ci da yawa ba, kuma gaskiya ba ni da ci. Ashe shan ne.

Ba ta ce in sayi wani abincin Turawa ba. Ta ce in raba faranti: rabi ganye, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwata tuwo, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannuna. Na koma kwaɗon zogale da na rama, miyar alayyahu da ta kuɓewa, wake da ɗan manja kaɗan, faten acha, tuwon dawa a madadin na shinkafa. Zoɓo ba sukari, da citta da kanumfari. Nono ba sukari. Makonni biyun farko na sha wuya, kaina ya yi ta ciwo, bakina ba daɗi. Tukunya ɗaya muke ci da maigidana, da ya ga ina dafa biyu sai ya ce in daina, abin da zan ci shi zai ci. Wannan ya taimake ni fiye da kowane magani.

Tafiya kuma, minti 150 a mako aka ce. Mace a unguwarmu ba ta fita da sassafe tana zagaye layi ba a yi magana ba. Sai na riƙa sauka daga adaidaita tun kafin makaranta da nisan minti ashirin, in ƙarasa a ƙafa, haka ma in an tashi. Ranar da ba aiki in zagaya tsakar gida bayan asuba ina lazimi.

Mutane sun fi yunwa wahala. A gidan suna an miƙo mini lemo na ce na gode, sai uwar gidan ta ɓata rai. Da na fara faɗawa, Umma ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa ta ce, "Ki gaya mini gaskiya, wani abu yake yi miki?" Sai da na kawo mata takardun asibiti, na nuna mata hoton, ƙanina ya karanta mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Irin na kawunku ne?" Na ce a'a Umma, an tare shi da wuri. Tun daga ranar, in na je gida ita da kanta take sa a yi mini kwaɗo. Surukata kuwa har yau gani take mace ba ta ɗaukar ciki sai da jiki, kuma ba na jayayya da ita, sai in ce Hajiya likita ne ya ce.

Azumin 2024 ya kama a watan Maris, da zafi. Na je na tambaya tun kafin a ga wata, aka ce zan iya yi, aka mayar mini da metformin lokacin buɗa baki da sahur. Jami'ar abincin ta ce azumi zai iya taimakona, zai kuma iya mayar da ni baya, ya danganta da abin da ke kan tabarma in an kira magariba. Na tsaya a dabino uku, ruwa, kunun tsamiya ba sukari, ƙosai uku, sai abinci bayan tarawihi. Na rage kilo biyu a watan. Da Sallah ta zo na saki jiki, cincin, alkaki, dubulan, lemo a kowane gida, cikin mako uku kilo biyun suka dawo. Na ji kunyar komawa asibiti har na tsallake ranar da aka ba ni. Da na daure na je, likitan ya ce wanda ya faɗi ya dawo bai ba shi tsoro, wanda ya ɓace ne ke ba shi tsoro. A wannan zuwan na tambaye shi labarin da na gani cewa an samu maganin kitsen hanta a Amurka. Ya ce gaskiya ne, resmetirom sunansa, a watan Maris ɗin nan hukumar magunguna ta can ta amince da shi, amma na waɗanda tabonsu ya kai hawa na biyu ko na uku ne, ni ban kai nan ba, kuma fatansa kar in kai.

A wata na bakwai al'ada ta zo da kanta, ba ƙwaya. Bayan kwana 36 ta sake zuwa. Tun da na balaga ban taɓa ganin biyu a jere haka ba. Da shekara ta zagayo nauyina ya sauka zuwa kilo 80, ƙuguna santimita 91, ALT ya dawo 31, sugan bayan awa biyu 7.4. Matar da ta fara ɗaukar hoton ita na sake samu, ta ce hasken ya ragu sosai ko da yake bai tafi duka ba. Wuyana ya washe, ba sabulun da na sauya. Gashin haɓa yana nan, hantsakina ma yana nan. Haihuwa har yanzu Allah bai kawo ba. Likitar mata ta fara ba ni letrozole, ƙwayar da ke sa ƙwai ya nuna ya fita, muna bin kwanaki, muna addu'a. Ta ce ko cikin ya samu za a sa mini ido a kan suga tun daga farko, kuma ko na haifi goma, awon hanta da na suga ba zan daina ba.

Watan jiya autarmu ta zo mini hutu, shekararta 19. Tana tsefe kai a tsakar gida ta sunkuya, sai na hango bayan wuyanta. Na tambaye ta yaushe rabonta da al'ada, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, tun kafin Babbar Sallah." Ta ce Umma ta ce in ta yi aure zai daidaita. Washegari na kai ta wurin likitata. Ta ce abin yana bin dangi, kuma a shekarunta ba a dogara da hoton gidan ƙwai, jini za a duba. Ta rubuta mata awon sinadaran, da na hanta, da na ciwon hanta nau'in B. Ranar Talata za ta sha nata ruwan sukarin, na riga na nemi izinin rabin yini a makaranta don in zauna kusa da ita a bencin.